Akwatin Furen da Ya Tona Asirin Kowa

Duk wanda ya fara ƙera tukunyar gas bai sa kyau a lissafinsa ba. Ƙarfe ne mai ƙaton ciki, fenti duk ya kwaile, ga tiyo yana reto a wuya. Tun da muka fitar da tamu daga kicin muka ajiye ta a waje jikin bango, aka huda bangon aka zura tiyon ciki, sai hankalina ya kwanta, na uwargida kuma ya tashi. Wai duk baƙon da ya shigo, kafin ya ga fuskar masu gida sai ya fara gaisawa da tukunya. Ta ce a sa mata furanni a wurin ko ido ya samu abin kallo.

Wani mijin da tukwanen fure biyu zai sayo ya jera a gaba, magana ta mutu. Ni ba haka Allah ya yi ni ba. Na ɗauki takarda da fensir na zana akwatin katako mai hawa biyu. Hawan sama na zuba ƙasa ne a yi shuka, na ƙasan kuma ɗan ɗaki mai ƙofa inda tukunya za ta ɓuya. Sannan abin da ya fi burge ni a zanen, wata na'ura da za ta riƙa shinshina iskar ɗakin dare da rana, da zarar gas ya fara yoyo ta kwarmata.

"Maigida, to hancina fa?" in ji uwargida. "Ba aikinsa ke nan ba?"

Na gyara zama, don irin wannan tambayar nake jira. Na ce mata gas ba shi da wari na kansa. Ɗoyin da take ji wani sinadari ne, etil makaftan, da ake zubawa a ciki da gangan. Na ba ta labarin makarantar garin New London da ke jihar Texas a Amurka, wadda ta tarwatse a 1937 bayan gas marar wari ya taru a ƙarƙashin ginin ba wanda ya sani, kusan mutum 300 suka rasu, yawancinsu ɗalibai, daga nan jihar ta kafa dokar sa wa gas wari. Na ƙara da cewa hanci yana gajiya, in ya daɗe cikin wari sai ya daina jinsa, in mai shi ya yi barci kuwa shi ma ya tafi hutu. Ta saurara har na kai aya, sannan ta ce, "Ni dai furanni na ce."

Aikin katakon bai ba ni wahala ba, in ka cire maganar ƙofa. Don kada awo ya ba ni matsala sai na yi dabara, na gina akwatin a kewaye da tukunyar tana zaune a wurinta. Ya zauna mata cif. Sai ranar da gas ya ƙare aka zo fitar da ita a kai ɗuri, ashe cikinta ya fi ƙofar faɗi. Da ƙyar da ɓanɓare katako aka ceto ta. Har gobe ina da ja a kan wannan shari'ar, don tef ɗin awon na aro ne.

Na'urar da na zaɓa sunanta MQ-2. 'Yar mitsitsiya ce, ba ta wuce kan babban yatsa ba, tana sanye da hular raga ta ƙarfe. A cikinta akwai ɗan sinadarin kuza haɗe da oksijin, da siririyar waya da ke gasa shi har zafinsa ya kai digiri ɗaruruwa. In iska tana da tsabta, sinadarin yakan tare wa lantarki hanya. In gas mai kama wuta ya taɓa shi, sai hanyar ta buɗe, lantarki ya ƙara wucewa. Ragar kuma an sa ta ne don kada zafin ciki ya kunna gas ɗin da aka sa na'urar gadinsa. Wani ɗan Japan, Naoyoshi Taguchi, shi ya ƙirƙiro irin wannan dabarar a shekarun 1960. Na haɗa na'urar da allon Arduino, ɗan allon lantarki da ake ba umarni ta kwamfuta, wanda aka fara yi a Italiya a 2005, shi kuma yana mai da abin da ta shinshino ya zama lamba daga 0 zuwa 1023. Aikina kawai in gaya masa lambar da in an haura ta zai tayar da ƙararrawa.

Na kafe ta a can saman ɗakin tukunyar, don a sanina duk abin da ake kira iska sama yake yi. Babban ɗana, wanda yake sakandare kuma bai iya ganin uba yana aiki ya yi shiru ba, ya leƙo ya ce, "Baba, ai a ƙasa ake sawa." Wai gas na tukunya haɗin furofen ne da biyuten. Furofen ya fi iska nauyi da kusan ninki ɗaya da rabi, biyuten kusan ninki biyu, saboda haka in sun tsere ƙasa suke bi, su kwanta a rami ko magudanar ruwa. Gas ɗin da ke tashi sama shi ne miten, irin wanda ake turawa gidaje ta bututu, shi ake sa wa na'ura kusa da silin. Ya ƙara da cewa ɗakin ma sai an bar masa tagogi a ƙasa, don in an samu yoyo ya fice ya bi iska maimakon ya taru. Na ce masa ai gwada shi nake yi in ga ko kuɗin makaranta yana aiki. Da ya tafi na sauko da ita, na yanka tagogin.

'Yar ƙararrawar da ta zo da kayan kukanta bai wuce na agogon hannu ba, wa zai ji ta ta cikin bango? Sai na samo tsohuwar jiniya irin ta tsaron shaguna na kafe ta a saman bango, nesa da tukunyar, tare da makunnin da ke tayar da ita, don duk abin da zai iya tartsatsi bai kamata ya kwana ɗaki ɗaya da gas ba. Wutar kuma daga cajar waya na jawo, saboda wayar da ke gasa sinadarin tana shan lantarki ba hutu, batir ba ya jure mata.

Takardar masu ƙera na'urar ta ce sabuwa sai an bar ta a kunne awa 24 zuwa 48 kafin a yarda da maganarta, don a farko lambobinta yawo suke yi. Na ga wannan layin. Na ɗauke shi a matsayin shawara, irin wadda likita ke ba mutum cewa ya riƙa motsa jiki. Da yamma na haɗa komai, na zaɓi lamba, na kwanta da alfaharin mutumin da ya ceci iyalinsa.

Cikin tsakar dare jiniya ta ɗauka. Ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakar gida ba, takalmi ƙafa ɗaya, ina ba da umarni: "Kada wanda ya taɓa makunnin lantarki! Kada a kunna, kada a kashe! Kowa waje!" Uwargida ta fito da autanmu a kafaɗa, kansa a ƙasa ƙafafu a sama, shi kuwa ko motsi bai yi ba. Kafin mu kai ƙofar gida maƙwabta sun cika titi. Wani saurayi, don taimako, ya zaro ashana zai haska mana, muka yi masa ca har ya yar da kwalin. Na lallaɓa na rufe kan tukunyar, na kaɗa ruwan sabulu na shafa a regileta da duk inda tiyo ya haɗu da ƙarfe. In da yoyo, kumfa za ta riƙa hurowa. Ko ƙwaya ɗaya ba ta huro ba.

Dattijon da muke katanga ɗaya da shi yana tsaye da bokitin ruwa a hannu, daga shi sai singileti. Ya ce, "Malam, wuta ce?"

Na ce, "A'a, Baba, rigakafi ne."

Ya dubi bokitin, ya dube ni, ya ce, "To rigakafin nan kullum zai riƙa tashinmu?"

Ba kullum ba ne, amma ya yi ƙoƙari. Da na'urar ta gama zama daidai, sai ainihin halinta ya fito. MQ-2 ba ta san bambanci ba. Gas na tukunya, miten, haidirojin, tururin barasa, hayaƙi, duk abu ɗaya ne a wurinta. Akwai 'yan uwanta da suka fi tsayawa kan abu guda, MQ-6 ta fi karkata ga gas na tukunya, MQ-4 ga miten, MQ-3 ga barasa. Ni kuwa da na ga wadda ke jin komai sai na ce ai ita ce mai hazaƙar gidan. Ga shi kuma tana fara ji tun gas yana 'yan ɗaruruwa cikin miliyan na iska, tun kafin a kusanci haɗari. Raɓar asuba ma takan motsa lambar, don danshi da sanyi suna taɓa ta. Ƙadangarun gidan kuma suka gano akwai wuri mai ɗumi kyauta, suka mai da hular ragar wurin kwana.

Ranar da ƙwari suka kama furannin, na fesa musu magani daga gwangwani, jiniya ta amsa nan take. Na juya gwangwanin na karanta bayansa, sai ga biyuten da furofen a rubuce, su ne ke turo maganin waje, kamar yadda yake a yawancin gwangwanayen feshi. Wato a wannan karon na'urata gaskiya ta faɗa, gas ta ji. Na bi gida ɗaki-ɗaki ina nuna wa kowa gwangwanin. Ba wanda ya taya ni murna.

Wadda ta fi shan kunya ƙawar uwargida ce. Baiwar Allah ta zo ziyara, ta tsaya a gefen akwatin inda ba mai ganinta, ta zaro kwalbar turare daga jaka ta feshe jikinta tun daga wuya har ƙafa kafin ta ƙwanƙwasa ƙofa. Turaren feshi kuwa yawancinsa barasa ne. Muka fito a guje muka same ta da kwalba a hannu, baki buɗe. Da ma ta sha gaya wa uwargida ita ba ta damu da turare ba, ƙamshin jikinta ne haka. Ba ta daɗe ba ranar.

Ana wata ga wata. Duk mai shuka ya san tukunyar fure sai da huji a gindi don ruwa ya samu mafita. To ni gindin akwatina shi ne rufin ɗakin tukunyar gas, kuma ba na son ruwa ya riƙa ɗiga kan ƙarfe ya jawo tsatsa. Sai na shimfiɗa leda mai kauri, ban huda ko'ina ba. Ƙasar kuma na cakuɗa ta da takin da na haɗa da kaina, ɓawon kayan lambu da ganyen da bai gama ruɓewa ba. Uwargida tana ba furanninta ruwa safe da yamma, yara ma duk wanda ya wuce sai ya ƙara musu don a ce yana da tausayi. Ƙasa ta zama taɓo. Idan ruwa ya cike 'yan ramukan iska da ke cikin ƙasa, saiwa ba ta samun numfashi sai ta fara ruɓewa, ganye ya yi yaushi. Mai fure kuwa in ya ga yaushi me zai yi? Ya ƙara ruwa. Can ƙasan taɓon kuma ƙwayoyin halittar da ba sa son oksijin suka karɓi gida, su ne masu fitar da miten da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ledar ta yage a kusurwa, wani baƙin ruwa ya riƙa bin jikin katako yana taruwa daidai gindin na'urata.

A karon farko hancin uwargida da na'urata suka yi ittifaƙi, dukansu suka ce gas ne. Muka rufe tukunya, aka wuni ba a ɗora komai a wuta ba, ni ina ta shafa sabulu har hannuna ya yi fari, kumfa ta ƙi hurowa. Sai da na tura hannu cikin ƙasar furen har gwiwar hannu na zaro, kowa ya ja da baya, sannan aka gane mai laifi. Na kwashe taɓon, na huda gindin akwatin, na haɗa hujin da bututu mai fitar da ruwa ta gefe, aka sayo sababbin furanni. Maƙwabta kuma suka turo wakilai. Muka yi sulhu a kan cewa da dare za a cire jiniya, a bar 'yar ƙararrawa a ɗakina, in ya so ni kaɗai in riƙa cin moriyar ilimina.

Nan ne labarin ya ɗauki wani salo. Kusan kowane dare, bayan kowa ya kwanta, sai ƙararrawar ta yi ƙara. In fito da sabuluna, in tarar ba kowa, ba wari, lamba tana sauka a hankali. Na jona allon da kwamfuta ta riƙa rubuta lambobin da lokacinsu. Da safe na duba, sai na ga abin yana da tsari: lambar takan yi tsalle wajen ƙarfe ɗaya, ta yi 'yan mintoci a sama, ta sauko. Yoyon gas ba ya duba agogo. Na samu kujera na laɓe a bayan tankin ruwa, sauro suka yi bikinsu a ƙafafuna.

Ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci sai ga ƙanin uwargida, wanda ya zo zama wurinmu saboda karatu, yaron da ake ba yaran gida misali da natsuwarsa. Ya waiga hagu da dama, ya zauna a ƙasa, ya jingina bayansa da ƙofar akwatin, ya zaro sigari ya kunna. Hayaƙin yana bi ta tagogin da na yanka.

Ban yi ihu ba, don muryar ma ta tafi. Na fito a hankali na ce, "Tashi. Je can nesa ka kashe ta."

Ya zabura, ya murje ta a jikin katanga, ya dawo yana rawar jiki. "Yaya, don girman Allah kada Anti ta ji."

Na buɗe ƙofar akwatin na nuna masa abin da yake jingina da shi. Sai ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ya koma ya zauna. Tun da na samu ɗalibi a zaune, na karanta masa cewa lita ɗaya ta ruwan furofen in ta fita takan zama kusan lita 270 na gas, kuma da zarar ya kai kashi 2.1 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Ya ce, "Wallahi Yaya, na ɗauka akwatin fure ne kawai." Ba zan ɓoye ba, duk da tsoron da nake ciki, maganar ta yi min daɗi. Wace shaida ta fi wannan cewa ɓoyon ya yi?

Alƙawarin rufa masa asiri da na yi bai yi amfani ba, don Antin tana tsaye a taga tun farkon karatun. Abin da ya gudana tsakaninsu na cikin gida ne. Ni dai da gari ya waye ta miƙo min jan fenti da buroshi, ta tsaya a kaina har na rubuta a ƙofar akwatin: HATTARA, AKWAI GAS A CIKI, BA A SHAN TABA. Haruffan sun fi furannin girma. Na ce mata ai wannan ya rushe manufar aikin gaba ɗaya. Ta ce in ƙara wa jan kauri.

Da ruwan sama ya fara, feshi ya riƙa shiga yana taɓa wayoyin. Na samo 'yar robar abinci na kife kan allon, na bar wa hular ragar ƙofa, na bi gefe-gefe na like da silikon, irin wanda ake toshe gefen gilashin taga da shi. Tun daga ranar gida ya yi tsit. Ba jiniya, ba ƙararrawa. Na riƙa gaya wa maƙwabta cewa na'ura ta kammala koyon aiki, da ma haƙuri ake bukata.

Wata yamma uwargida ta tsaya a ƙofar kicin ta ɗaga hanci sama ta ce, "Maigida, gas nake ji." Na nuna mata jiniya da ke zaune lafiya a bango. Ba ta ce komai ba, ta je ta rufe kan tukunyar da hannunta, ta kira mai gyaran gas. Mutumin ya zo da kayan aikinsa, gorar ruwan sabulu da soso. Yana shafawa a bakin regileta kumfa ta fara hurowa, manya-manya. Wai ƙofar akwatina tana danne tiyon duk lokacin da aka rufe ta, har ya tsage a wurin maɗaurin. Ya yanke wurin, ya sa sabon tiyo da sabon maɗauri, ya ce a matsar da tukunyar baya kaɗan.

Sannan ya tsuguna ya ƙare wa na'urata kallo. Ya ciro ta ya kai ta can tsakar gida, ya danna laita a gabanta ba tare da ya ƙyasta ba, gas yana fita tsiii. Lamba ko gezau. Ya shinshina robar ya ce, "Yallaɓai, da me ka like wannan?" Na ce silikon, mai kyau ma kuwa. Ya ce to shi ne ajalinta. Tururin silikon in ya sauka kan sinadarin nan mai zafi yakan bar masa wani rufi da gas ba ya ratsawa, kuma ba ya wankuwa. Wai gargaɗin yana cikin takardar masu ƙera ta. Yana ciki kuwa, na gani daga baya, a shafin da ke bayan wanda na tsaya.

Ya ce irin wannan na'urar ta koyo ce da gwaje-gwaje, ba a rataya ran iyali a kanta. In ana son tsaro a sayi ƙararrawar gas da hukumar kula da inganci ta amince da ita, a kafe ta cikin kicin kusa da ƙasa, don a waje iska tana kwashe gas, a ɗaki ne yake samun wurin taruwa. Abu ɗaya ya yaba, tagogin ƙasan nan, ya ce su suka hana gas ɗin cika akwatin. Na ce ai tun a zane na yi tunaninsu. Ɗana ya yi tari daga bayana. Uwargida kuwa ta raka mai gyara ƙofa, ta dawo ta wuce ta gabana, ta ɗan taɓa hancinta da yatsa. Na ce mata na'urar ba ƙarya ta yi ba, rashin lafiya ce ta same ta, kuma ba a yi wa marar lafiya dariya.

An sayi ta kicin ɗin. Ni kuma na sayo sabuwar MQ-2 na mayar a akwatin, na bar ta ta yi awanninta a kunne, ba silikon ko kusa. Ina cikin ɗaure wayoyin sai ga dattijon maƙwabcina ya shigo, ya tsaya a kaina yana kallo. Na san gidansa da lantarki suke girki, ko tukunyar gas ba su da ita, sai na fara shirya ban-haƙuri.

Ya rage murya ya ce, "Malam, wannan abin naka da gaske yana jin hayaƙin taba?"

Na ce, "Har turare, Baba."

Ya gyaɗa kai. "To ka haɗa min ɗaya. A bayan gareji za a sa, inda samarin gidana ke cewa suna zuwa karatu da dare. Amma ban da jiniya, ƙararrawar a kai ta ɗakina."

Na ce, "Da furen ko babu?"

Ya ce, "Da furen mana. In ba fure ai za su gane."